Inda Man Tirela Yake Zurarewa a Doguwar Tafiya

Idan tirela ta fara shan mai, yawanci nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ake fara zargi. Sau da yawa kuwa nozul ba shi da laifi, ƙafar da ke kan totur ce.

Dalilin shi ne iska. Ƙarfin da iska ke tokare mota da shi yakan ninka huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Wato wanda ya tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 100 ya ƙara wa kansa turjiyar iska da kusan kashi 56 cikin 100, alhali a tafiyar kilomita 400 awa ɗaya kacal ya rage. Gaban tirela kamar bango yake, kuma injin ne ke biyan wannan da dizal. Gudu tsakanin 80 zuwa 90, a riƙe shi ba hawa ba sauka, ya fi kowane maganin da ake zubawa a tanki amfani.

Sai allurar juyin inji. Manyan injinan dizal na zamani sun fi tsimin mai tsakanin juyi 1,100 zuwa 1,500 a minti, wurin da aka shafa wa kore a agogon. A sa babbar giyar da za ta bar allura a nan. Kafin hawa, a tara gudu tun daga ƙasa, kuma a ɗaga ƙafa dab da kan tudu, nauyin lodi ya ƙarasa aikin. Al'adar sa mota a firi, wato cire ta daga giya, a gangara kuwa asara biyu ce. Injin mai kwamfuta yakan yanke mai gaba ɗaya idan yana cikin giya kuma an saki totur, amma a firi dole ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ga shi an rasa birkin inji, birkin ƙafa ya ɗau zafi har ya daina kamawa.

Barin mota tana silo, wato inji na aiki tana tsaye, a wurin hutu yana cin kusan lita 3 a kowace awa. Minti uku zuwa biyar sun isa tabo (turbo, mai tura wa inji iska) ya huce bayan doguwar tafiya, daga nan a kashe.

Taya a auna ta da geji da safe tana sanyi, bisa lambar da masu ƙera ta suka bayar don nauyin da aka ɗauka. Buga ta da ƙarfe ba ya nuna komai sai wadda ta sace sarai. Tayoyin baya masu tagwaye su zo daidai a iska da tsayi, in ba haka ba ɗaya ce ke ɗaukar kaya, ɗayar tana gogar kwalta. Aksul ɗin bodi da ya karkace ma haka yake: motar na jan kanta a kaikaice, gefen taya ɗaya na cinyewa.

Tamfol a ɗaure shi tam, kada ya riƙa kumbura. Tazarar da ke tsakanin kai da bodi, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon sauƙin mai.

Idan an gyara duk wannan shan bai ragu ba, to a je wurin makanike. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a hawa alama ce ta iska ba ta isar inji: filta ta toshe, ko tiyon da ke tsakanin tabo da inji ya tsage. A duba fanka, domin idan kulos ɗinta ya maƙale takan yi ta juyi ko inji bai yi zafi ba. Masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don kada mota ta tafasa, injin sanyi suke samu, shi kuwa ba ya ƙone mai da kyau. Bayan tafiya a kusanta hannu da kowane ganga na birki, wanda ya fi sauran zafi yana kamawa ko ba a taka birki ba.

Kafin a taɓa komai dai a san lissafin. A cika tanki fal, a rubuta kilomita, a sake cikawa a ƙarshen tafiya. A raba litocin da aka ƙara da kilomitan da aka yi, a ninka da 100, a samu litocin da mota ke sha a kowace kilomita 100. A canza abu ɗaya kawai a kowace tafiya, a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya.