Godiya bayan jinyar Inna

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Laraba aka sallamo Inna, mun dawo gida Jega bayan kwana 19 tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, ku yafe mini, hankalina ba a jikina yake ba.

Duk wanda ya san Inna ya san mace ce mai jiki, kilo 118 ta hau a sikeli. Shekara da shekaru tana fama da suga da hawan jini, ga ciwon gwiwa da ya sa kullum diklofenak na cikin jakarta. Da ƙafafunta suka fara kumbura, mun je wani asibiti aka ɗebi jini, aka ce ƙoda lafiya lau, wai lambar da ke nuna yadda take tace jini ta haura 70. Muka dawo da murna. Bayan sati uku sai amai da kasala, ko kunu ba ya zama a cikinta.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitan da ya karɓe mu a Birnin Kebbi. Yaro ne ƙarami, har Kawu yana raɗa mini wai wannan ya gama makaranta kuwa? Ya duba tsohuwar takardar, ya ɗauki biro ya sake lissafi a bayanta, a gabana. Ya ce jinin bai yi ƙarya ba, lissafin ne ya yaudare mu. Kiretinin, dattin da ake aunawa don a san aikin ƙoda, daga tsoka yake fitowa, kitse ba ya samar da shi. Shi kuwa tsohon lissafin Cockcroft-Gault na 1976 da nauyin mutum yake ninkawa, don haka idan aka zuba masa kilo 118 gaba ɗaya, sai ƙoda mai rauni ta fito kamar ta budurwa. Da ya bi lissafin CKD-EPI, wanda ba ya tambayar nauyi, sai ga 39. Wato ƙasa da 60 ɗin da ake fara damuwa, nesa ba kusa ba.

Bai tsaya nan ba, ya ce mai ƙiba ba a yanke mata hukunci da awo ɗaya. Ya tura mu Sakkwato aka yi gwajin sistatin C, wani awon jini na duba aikin ƙoda, ya kuma gargaɗe mu cewa shi ma ƙiba kan ɗan ɗaga shi, shi ya sa ake haɗa shi da na kiretinin. Aka kuma tara fitsarin awa 24. A nan dole in ambaci ƙanwata autarmu, wadda ta kwana zaune da jarka a gefen gado, ba ta bari ɗigo ya salwanta ba, Inna na ta mita wai an mayar da ita jaririya. Allah Ya ba ki masu yi miki, Auta.

An rage mata metfomin, maganin sugarta, zuwa rabi, an raba ta da diklofenak kwata-kwata. Jiƙon da Gwaggo ke aikowa daga ƙauye ma an ce a ajiye, kuma Gwaggo, wallahi ba raini ba ne.

Ina godiya ga nas-nas ɗin dare da suka yi ta neman jijiya a hannun Inna ba tare da tsaki ba. Ga maƙwabtanmu da suka riƙe yara, ga 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa da suka haɗa kuɗin mota ba mu roƙa ba, ga direban da ya kai mu Sakkwato da asuba ya ƙi karɓar ko sisi, ga liman da jama'ar masallacin unguwa da suka sa ta cikin addu'a. Allah Ya saka da mafificin alheri, Ya sa a mizani.

Za a sake awo bayan wata uku. Masu zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar, amma don Allah kada a zo da lemun kwalba ko kilishi. Tuwon shinkafa take ci da miya ba gishiri sosai, tana ci tana harararmu.