Abin da na koya a shekara biyu ina riƙe baka

Ni dai gyaran moto, wato babur, nake yi a Garwa da ke arewacin Kamaru, babu maharbi a gidanmu, ko kakana ɗan kasuwa ne. Abin ya faro ne wata Lahadi da na je kasuwar Pitowa sayen akuya, na ga wani dattijo a gefe ya shimfiɗa buhu ya jera bakuna uku da damin kibau, na tsaya ina kallo har ya ce ɗana in saye za ka yi ka ɗaga ka ji, in kallo ne ka matso inuwa. Ashe ya san mahaifina tun suna samari. Daga nan na fara zuwa ƙauyensu can bayan dutsen Tingilin duk Juma'a da yamma in na rufe gareji, Baba nake ce mishi har yau.

Ranar farko ni na zaɓi baka da kaina, na ɗauki wanda ya fi kauri don a waya na ga masu harbi a YouTube suna jan manyan bakuna kuma ni mai ɗaga inji ne kullum, ina ganin ƙarfi ba zai gagare ni ba. Baba bai hana ni ba. Na ja tsirkiya ta zo rabi hannuna ya hau rawa, na saki, tsirkiyar ta zabge ni a cikin hannun hagu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, wajen ya tashi ya yi baƙi kwana kusan goma ina jin shi in na riƙe sifana. Sai a lokacin ya shiga ɗaki ya fito da wani siririn baka na jikansa ya ce da wannan za ka fara. Wata uku ina kan wannan bakan. Yanzu duk wanda ya tambaye ni ina ce mishi ya fara da mai taushi, wanda zai ja ya riƙe ya ƙirga goma bai yi rawa ba, don baka mai tauri yana koya ma mutum sakin gaggawa, kuma in hannu ya saba da gaggawa fitar da ita aiki ne babba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ja da baya. Baba sai ya tsaya a bayana ya sa yatsa tsakanin kafaɗuna ya ce nan nake so in ji ya motsa, damtse aikinsa riƙo kawai. Sannan hannun da ya ja tsirkiya dole ya tsaya wuri ɗaya a fuska kowane lokaci, ni gefen baki na saba, in yau ka tsaya a baki gobe a kunne to kibiya ma haka za ta yi ta yawo. Buhun masara muka cika da tsumma da ƙaiƙayi muka rataye a jikin darbejiya, taku goma. Taku goma fa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma sati biyu na yi kafin in sa kibiya biyar a jere cikin buhun nan. Bai yarda na ja baya zuwa taku goma sha biyar ba sai da damina ta wuce.

Kibiyarmu ta nan ba irin ta Turawa ba ce mai gashin tsuntsu a gindi. Kyauro ne da kan ƙarfe da maƙeri ya ƙera, a naɗe wuyan da jijiya don kar ya tsage, shi ke nan. Tun da ba gashi, miƙewar kyauron da nauyin kan su ne komai. Na zauna da Baba yana gasa kyauro a saman garwashi kaɗan kaɗan, ya lanƙwasa a gwiwa, ya ɗaga ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonsa, ya mayar wuta, kibiya ɗaya sai ta ci mishi kusan rabin awa kuma cikin goma yakan zubar da uku ya ce waɗannan na hura wuta ne. Wallahi wannan zaman ya gyara min aikina na gareji, yanzu in ina daidaita sifok ɗin taya ba na gaggawa kamar da. Ya kuma hana ni abu biyu da kakkausar murya: sakin tsirkiya babu kibiya a kai, don ƙarfin duk cikin itacen yake komawa ya tsaga shi, da barin baka a ɗaure bayan an gama. A zafin Garwa na watan Maris da Afirilu da ake haura digiri 40, ka bar baka a ɗaure a rana sai ka tarar ya saki ya zama sanda. Tsirkiyar fata ce, man kaɗe ake shafa mata in ta bushe.

Maganar dafi na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin kibiya da shi, kowa ya san sunansa amma shi ba ya koya ma wanda yara ke shiga ɗakinsa, kuma zabo da zomo ba sa buƙatar dafi. Ban sake tambaya ba, kuma yanzu na ga gaskiyarsa, ɗiyata 'yar shekara huɗu babu inda hannunta ba ya kai wa, kwarina ma a saman siling nake ajiye shi.

Sai da na shekara ya fita da ni daji. Kafin nan ya zaunar da ni kan maganar hukuma, ya ce gandun daji irin na Binuwai da Faro da Buba Njida ko kusa da iyakarsu kar in kuskura da baka a kafaɗa. Tun kisan giwayen nan na 2012 a Buba Njida, da mahaya dawaki masu bindiga suka shigo suka kashe ɗaruruwa, ya ce ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da duk wanda suka gani da makami, kuma yana ba su gaskiya. Tsohuwar dokar daji ta 1994 ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, ajin A ba a taɓa su sam, farautar gargajiya kuma an bar ta ne ga ƙananan nama na ajin C, don tukunyar gida, ban da sayarwa. An yi sabuwar doka a 2024, saboda haka ni da ƙafata na je ofishin ma'aikatan gandun daji na tambaya kafin in fita, kuma ina roƙon duk mai sha'awa ya yi haka.

A daji harbi shi ne ƙaramin aiki. Tafiya ce, da tsayuwa, da sanin inda iska ke kaɗawa, Baba yana da toka a ƙulle cikin tsumma sai ya girgiza ya ga inda ta nufa. Ya nuna min sawun zabi a bakin wani kwari inda suke saukowa shan ruwa da asuba, muka tsuguna bayan sabara tun kafin gari ya waye ƙafata ta mutu ban motsa ba.

Suka zo, sun kai goma sha. Ɗaya ta tsaya nesa da ni kamar taku ashirin da biyar, nisan da ban taɓa sa kibiya daidai a buhu ba, na sani sarai, amma zuciyata na bugawa na ce bismillahi na saki. Kibiyar ta same ta a cinya. Ta tashi da kyar tana jan kyauron ta faɗa cikin sarƙaƙiya, muka bi jini ɗigo ɗigo a kan busasshiyar ciyawa har rana ta take, Baba da shekarunsa yana rarrafe cikin ƙaya, ba mu same ta ba. Sai washegari ya je shi kaɗai ya tarar da gashi da kan kibiyata.

A hanyar komawa na ce mishi ai Baba Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ya tsaya ya dube ni ya ce wannan maganar 'yan kasuwa ce ɗana, a wajen maharbi kuskure ya fi, wadda ka kuskure ta koma wajen 'yan uwanta lafiya, wannan kuwa ta kwana da ƙarfenka a jiki, ba ka ci ba, ba ka yanka ba, ita ma ba ta rayu ba. Daren nan ban yi barci sosai ba. Na san hukuncin tun a makarantar allo, ka ambaci sunan Allah in za ka saki, in ka tarar da rai ka yanka, amma ban taɓa tunanin wadda ba ka tarar ba sai ranar.

Tun daga nan na sa ma kaina iyaka, taku goma sha biyar, in nama ya wuce haka ko ganye ya tare ko ya juya min baya sai in sassauta tsirkiya a hankali in mayar da kibiya kwari. Sassautawar nan ta fi sakin wuya nesa ba kusa ba, don jiki duk ya riga ya shirya. A ranin bana na fita sau tara, na ja baka sau da yawa, sau uku kawai na saki, zabi biyu na kawo gida, kibiya ta ukun kuma ta wuce ta saman kan zabuwar ta cake a jikin marke.

Yanzu wani yaron garejinmu ya matsa yana so ya koya, na karɓo mishi siririn bakan nan na jikan Baba, mun rataye buhu a bayan gareji inda ba mai wucewa. Jiya ya ce Oga yaushe za mu daji, na ce ya fara sa min biyar a jere tukuna, yana kan uku.