Mako na bakwai: na daina kwashe lambobi kaf

'Yan uwa masu fama da IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, sannunmu da ƙoƙari. Ga inda na kwana a wannan makon.

Ga sababbin cikinmu, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hukumar NMC ta Birtaniya, mai yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, nake hari. Tana neman maki 7 a karatu da saurare da magana, a rubutu kuma 6.5. Da farko na ɗauka wannan rangwamen rabin makin garaɓasa ce. Yanzu na gane rubutun ne ƙashin wuyan.

Daren Talata bayan na taso daga aikin yamma na zauna da aiki na ɗaya cikin biyu na jarrabawar rubutu: zane mai layuka huɗu, yana nuna yadda amfani da lantarki ya sauya a wasu ƙasashe. Ƙa'ida minti 20 ne, kalma 150 zuwa sama. Na cinye minti 34, shayina ya huce ban kurɓa ba. Ba komai ya ci lokacin ba sai kwashe lambobi. Duk lambar da idona ya faɗa a kai sai na saka ta a jimla, kamar ina cike takardar zafin jikin majiyyaci, inda tsallake awo ɗaya ma laifi ne. Sana'a ta biyo ni har kan tabarmar karatu.

Washegari na kai wa wata ƙanwata a wurin aiki wadda ta riga ta haye. Ta karanta, ta juya takardar baya kamar tana neman ci gaba, ta ce, "Anti, kin faɗa min komai, amma ba ki faɗa min abin da ya faru ba." Abin da take nufi shi ne jimla biyun nan na dunƙule bayani: wanne ya hau, wanne ya sauka, wanne ya fi kowa tun farko har ƙarshe, ba tare da lamba ko ɗaya ba. Na koma ga ma'aunin maki da masu jarrabawar suka wallafa, sai ga shi ƙarara: mai zayyano bayanai ɗaya bayan ɗaya ba tare da dunƙulewa ba, a wajen maki 5 yake tsayawa a fannin cika umarnin tambaya. Fannonin da ake ba rubutu maki a kansu huɗu ne, cika umarnin tambaya, haɗuwar zance, yalwar kalmomi da nahawu, kuma kowanne nauyinsa ɗaya. Wato na yi makonni ina haddace manyan kalmomi, kashi ɗaya cikin huɗu yana zubewa ta wani gefen.

Ranar Alhamis na sake wannan zanen. Minti uku na farko ban taɓa fensir ba, kallo kawai. Na gama a minti 22, da lambobi takwas kacal, kuma ya fi na Talata daɗin karatu nesa ba kusa ba.

Aiki na biyu kuwa, muƙalar kalma 250 cikin minti 40, makinsa ninki biyu ne na na ɗaya, don haka yanzu da shi nake farawa. Ciwona a nan doguwar shimfiɗa. Mun saba kafin a faɗi abin da ya kawo mutum sai an tambayi gajiya, an tambayi yara, an tambayi kwana biyu. Haka nake buɗe muƙala, layi shida ban shiga magana ba. Mai duba takarda ba gaisuwa yake jira ba, so yake tun sakin layi na farko ya san ɓangaren da kika tsaya. Jimlolin buɗewa da ake rabawa a WhatsApp ma na watsar da su. Haddatacciyar magana ana gane ta, kuma ba ta kawo maki.

Nahawu yana nan yana ja min ƙafa. A muƙala ɗaya na yar da "the" sau tara, na kuma rubuta "equipments" da "advices", kalmomin da ba sa ɗaukar jam'i. Na ware bayan littafina ga irin waɗannan, da jan biro.

Har yanzu ban yanke tsakanin takarda da kwamfuta ba. Kwamfuta tana ƙirga kalmomi da kanta, amma yatsuna biyu kawai nake bugawa da su. A takarda rubutuna yana ba da wajen kalma 11 a layi, don haka layi 25 ya fitar da ni kunya.

Mako mai zuwa taswira da zanen matakan sarrafa kaya zan taɓa, biyun da nake ta kauce wa tun makon farko. Wadda duk ta saba da su a cikinku, don Allah ta faɗa min yadda take dunƙule bayani idan babu abin da ya hau ko ya sauka.