Daga Unguwa Uku zuwa bakin kududdufi

Ranar Alhamis a watan Agusta na sauka a tashar Unguwa Uku da ke Kano daga Zariya, hadari ya haɗo ta gabas. Ɗan yayata, mai karatun ilimin halittu a jami'a, shi ya zo tarbata. Yana tsallaken titi yana kwaɗa mini kira, ban ji ba, saboda hon ɗin adaidaita sahu da ihun 'yan kamasho. Sai da ya ɗaga hularsa yana kaɗawa sannan na hango shi.

Muna isa Gwammaja ruwa ya kece. Bayan isha'i da ya tsagaita, ya ce, "Kawu, taso ka ga wani abu." Muka bi lungu, muna tsallake kwata, har bakin wani kududdufi da shara ta cinye rabinsa. Injinan janareto uku ke ruri a shagunan gefe. Ya haska fitilar wayarsa a kan wani kwaɗo: maƙogwaronsa na kumbura yana sacewa, amma ko ɗigon kukansa bai iso kunnena ba. Abin ya taɓa ni. Muna yara, kukan kwaɗi ne ke raka mu barci duk damina.

Nan muka tsuguna ya nuna mini bidiyo. Wani ɗan kwaɗo ne na tsibirin Borneo, ana kiran jinsinsa Staurois, zaune kan dutse a gefen ruwa mai faɗowa da ƙarfi. A irin wurin nan ƙugin ruwa ba ya ɗaukewa dare da rana. Sai kawai ya miƙe ƙafar baya guda sama, ya baza yatsu, farar fatar da ke tsakaninsu ta bayyana a kan baƙin dutse, ya juya ta a hankali ya mayar. Na sa ya maimaita mini sau huɗu.

"Mace yake kira?" na tambaya.

"Galibi namiji ɗan'uwansa yake yi wa kashedi, Kawu, wai nan wurina ne." Ya ce yakan fara da ɗan siririn kuka don a juyo, sannan ya ɗaga ƙafar. Kuma da rana suke harkarsu, domin ishara ba ta da amfani a duhu.

A tsaunukan yammacin Indiya ma akwai masu yin haka, har ana ce musu kwaɗi masu rawa. A 2014 masana suka bayyana sabbin iri 14 daga cikinsu. Na ƙasar Panama kuwa, mai ruwan zinare, ƙafar gaba yake kaɗawa kamar mai sallama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗancan sun gaji hayaniyarsu kaka da kakanni, jikinsu ya sami dabara. Namu na ruwan kwance ne, da murya suka dogara, cikin dare suke neman juna, ga shi mun kawo musu inji har bakin gida, muna kuma cike kududdufan muna gini.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo wuta. Injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kududdufin ya ɗauka gaba ɗaya, har sai da muka ɗaga murya kafin mu ji juna a hanyar komawa gida.