Ranar da Na Koyar da Ma'anar Birni a Karkace

Shekara shida na yi ina koyar da 'ya'yan Hausawa a wata ƙaramar makaranta a kudancin Jidda, kuma yanzu da na ajiye alli, babu ranar da take dawo mini a rai kamar wadda na tsaya gaban 'yan aji uku ina bayyana musu abin da ake kira birni. Na ce musu birni shi ne wuri mai dogayen benaye da faffaɗan tituna da fitilun da ba sa mutuwa, har na ba su misali da ruwan Sarki Fahad da ke tashi sama a bakin teku. Sai wani yaro da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu a Karantina da sai wayit ya zo muke samun ruwa, a ƙauye muke?" Wayit shi ne motar tankin da ke kawo ruwa unguwa. Aji ya ɗauki dariya, ni kuma na yi murmushi na ce ya zauna. Tun daga ranar yara suka laƙaba masa "baƙauye", kuma bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne amsar tana cikin harshen da na sha a nono. A wurin kakanninmu birni gari ne mai ganuwa da ƙofofi, inda baƙo ke shigowa da kayansa ya tarar da kasuwa da alƙali da masauki, kamar yadda Kano take da Kurmi da Ƙofar Mata. Ita kanta Jidda haka ta taso, domin Halifa Usman ne ya mai da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma tana kewaye da ganuwa har 1947, lokacin da aka rushe ta. Birni taron mutane ne masu yawa waɗanda ba gona ke ci da su ba, kowa da sana'arsa, abincinsu da ruwansu daga wani wuri suke zuwa. Jidda ba ta da kogi, ruwan teku ake tacewa a raba wa jama'a, saboda haka wayit ɗin da yaron ya ambata ya fi benayen da na lissafa nuna yadda birni yake rayuwa.

Da na nemi izinin kai yaran Balad, tsohon garin Jidda, su ga Bab Makka, wato Ƙofar Makka, da tsofaffin gidaje masu tagogin katako, mudir, wato shugaban makarantar, ya ce, "Ustaz, ka bi littafi kawai." Sai na sa kowane yaro ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, da masallaci da gidan burodi da wurin zuba shara. Iyaye sun yaba, shi kuma mudir ya karɓi yabon a taro bai ambaci sunana ba, amma na bar shi da halinsa. Na dai koyi fara darasi daga ƙofar gidan yaro, da kuma daina murmushi idan aji na yi wa wani dariya.

Da rusau ya iso unguwannin kudu a 2022, iyayen yaron suka tashi ban san inda suka nufa ba. Zanensa yana cikin jakata, ya sa wayit a tsakiyar takardar, ya fi masallacin girma.