Talata: akwatin Fensilbaniya a fentin ruwa

Tun bayan azahar nake kan zanen wani tsohon akwatin katako, irin wanda Jamusawan jihar Fensilbaniya ta Amurka kan yi wa 'yan mata a da na tara kayan aure, da furanni da tsuntsaye a gabansa. Zanensa yana cikin Index of American Design, tarin zanen fentin ruwa sama da 18,000 da gwamnatin Amurka ta sa aka yi tsakanin 1935 da 1942, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, masu zane suka rasa abin yi. Yanzu tarin na ajiye a National Gallery of Art da ke Washinton.

Bakin murfin na fi daɗewa ina kallo, inda yawan taɓawa ya cinye fentin har katako ya leƙo. Nan ake gane gwani. Sai an fara auna kayan, a fitar da siffarsa da fensir mai tauri, 2H, a kan takarda mai kauri, giram 300, don mai laushi kumbura take in ta sha ruwa. Shafin fenti na farko ruwan ƙasa ne mai haske, ruwa ya rinjayi kala. A bar shi ya bushe ƙayau kafin a ɗora na biyu mai ja-ja, sannan na uku a lungunan da datti ke taruwa. Jijiyar katakon kuwa da busasshen buroshi ake jan ta, a matse shi a tsumma, a ware gashinsa, a bi tsawon allon.

Ƙyallin makulli da hannun ƙarfe farin takardar ne aka bari tun farko. Wanda ya manta ya shafe wurin, farin fenti ba zai mayar masa da shi ba, sai ya fito kamar alli.

Gaggawa ce ke ɓata yawancin aikin. In ɗigon ruwa ya sauka kan shafin da bai gama bushewa ba, zai ture kalar gefe, ya bar tabo mai baƙin baki. Haɗa kala fiye da uku kuma laka yake bayarwa. Da hunturun nan matsalar ta juye: shafi kan bushe kafin buroshi ya kai ƙarshen allo, layi ya fito a tsakiya. Maganinsa a ɗan jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, a dama kalar da za ta isa tun kafin a fara.

Gobe in Allah ya kai mu, kujerun 'yan Shaker, wata ɗarikar Kirista a Amurka, musamman saƙar mazauninsu.