Asabar, ni da ɗan yayata da ramin shagon fiza

Yau ban fita aiki da safe ba, jikina duk ciwo saboda jiya sai tsakar dare na ajiye mota. Ina cikin shan shayi ɗan yayata, wanda ya zo karatu yake zaune a wurina nan Silver Spring, gefen birnin Washington, kafin ya samu ɗaki, ya turo min waya gaban fuska wai Kawu kalli, ashe irin wannan abun kuke zaune da shi a garin nan baku taɓa gaya mana ba. Bidiyon TikTok ne, wani ya ɗauko taswirar wani yanki na titin Connecticut Avenue a Washington ya zizzana jan layi daga wannan shago zuwa wancan, ga kiɗa mai tada tsigar jiki, wai duk shagunan haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa kuma akwai ɗakuna a ciki inda manyan 'yan siyasa ke ɓoye yaran da aka sato. Ina ganin sunan shagon fizan nan Comet Ping Pong nace ikon Allah, wai maganar nan har yanzu da ranta?

Shi yana firamare a Kano lokacin da aka fara ta, to sai da na ɗauko masa daga tushe. A 2016 ana tsakiyar kamfen ɗin Hillary Clinton da Donald Trump aka yi kutse a imel ɗin John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary, sai WikiLeaks, shafin fallasa takardun sirri, ta fara sakin saƙonnin a watan Oktoba saura wata ɗaya zaɓe. A ciki akwai hirar abinci irin ta mutane, taliya, fiza, ina za a ci abincin dare, da kuma sunan mai shagon nan James Alefantis saboda maganar taron tara kuɗin kamfen. Shikenan wasu a dandalin intanet na 4chan da Reddit suka ce ai duk sunayen abincin nan zaurance ne, yara ake nufi. Suka shiga Instagram ɗin mutumin suka kwaso hotunan 'ya'yan abokansa, suka leƙa tambarin wani shagon fizan da ke kusa, Besta Pizza, suka ce shima alama ce ta 'yan ƙungiya, daga nan kuma aka gangara ƙasa, aka ce ai komai a ɗakin ƙarƙashin shagon ake yi. Shagon da bashi da ɗakin ƙasa kwata-kwata.

Yace Kawu kai ka shiga ka duba? Nace tashi ka sa takalmi.

Wurin ba nisa, ta Chevy Chase muka bi muka gangara har kusa da mahaɗar Nebraska Avenue, na samu wurin fakin da ƙyar. Layi ne na shaguna kamar kowane layi, ga Politics and Prose mai sayar da littattafai 'yan matakai kaɗan, ga mutane da kekunan jarirai, a cikin shagon kuma iyaye da yara suna cin abinci, can ciki akwai teburan ƙwallon tebur ɗin da suka sa aka ba shi sunan. Naga yaron nan yana ta kallon ƙasa kamar zai hango abu ta cikin siminti, na danne dariya.

A nan tsaye na bashi labarin Edgar Maddison Welch, wanda ni a duk lamarin nan shi ne ya fi tsaya min a rai. Ɗan shekara 28 ne daga Salisbury a jihar North Carolina, yana da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ya kalli bidiyoyin nan har ya yarda ɗari bisa ɗari cewa akwai yara a ɗaure a ƙasan shagon, ranar Lahadi 4 ga Disamba 2016 ya tuƙo mota kusan awa shida da bindiga AR-15, ya shigo ta ƙofar nan da rana tsaka, ma'aikata da masu cin abinci da yaransu suka watse a guje. Ya zagaya ciki yana neman hanyar sauka ƙasa bai samu ba, ya tarar da wata ƙofa a kulle ya harbe makullin, da ya buɗe sai ɗan ɗakin ajiye kaya da kwamfuta. Da ya ga babu yaro ko ɗaya ya ajiye bindiga ya fito ya miƙa kansa ga 'yan sanda. Allah ya kiyaye ba wanda harsashi ya taɓa. A watan Yunin 2017 aka yanke masa shekara huɗu, alƙaliyar da ta yanke hukuncin kuma Ketanji Brown Jackson ce, wadda yanzu take Kotun Ƙoli. Ya gama zamansa ya fito, a Janairun 2025 kuma 'yan sanda suka harbe shi can jiharsu bayan sun tsayar da motar da yake ciki, ya mutu.

Abin da nace wa yaron shi ne, duba, cikin dubban mutanen da suke rantsuwa akwai yara a ƙasan nan, ga wannan mutumin ya taso ya zo ya duba da idonsa, kuma nasu ne, ba ɗan jarida bane ba ɗan sanda bane, da bindiga a hannu ba mai hana shi buɗe duk ƙofar da ya so. Bai ga komai ba. Ka san me suka ce? Wai ai ɗan fim ne aka ɗauko haya don a rufe maganar. In an samu ramin sun yi gaskiya, in ba a samu ba an toshe shi ne, in nasu ya je ya dawo yace babu to an saye shi. Ta ina zaka kama irin wannan? Alex Jones, mai shirin rediyo da intanet, da ya yi ta kwarmata maganar a shirinsa sai da ya fito ya ba mai shagon haƙuri a Maris ɗin 2017, amma ko a jikinsu, a Janairun 2019 wani ya sake shiga shagon ya cinna wuta, shima aka ɗaure shi shekara huɗu. Masu wankin kwano da masu kai abinci teburi kuma, waɗanda ba ruwansu da Hillary ba ruwansu da Trump, su ke ɗaga waya ana cewa za a kashe su. Ni da nake sana'ar da kowane baƙo zai iya shigo min mota, wannan ɓangaren yafi taɓa ni.

Yaron dai akwai taurin kai irin na uwarsa. Yace amma Kawu ruwa ba ya tsami banza, a bidiyon an nuna inda mai shagon da bakinsa yace yana ajiye tumatir a ɗakin ƙasa. Nace eh ya faɗa, tumatirin gwangwani ne, kuma ɗakin na ɗayan gidan abincinsa ne, Buck's, da ke kan layin. Sannan wai don mutum yana da ɗakin ƙasa a Amurka har abin magana ne? Kai a ina kake kwana? Ni da kai ba a besmen ɗin gidan mutane muke haya ba, kusa da injin wanki da tukunyar ɗumama gida? Ya yi shiru, can yace to Epstein fa, shima ai da cewa aka yi ƙarya ne. Wannan tambayar tasa mai kyau ce, ban raina ta ba. Manya suna aikata ƙazanta kuma ana rufa musu asiri, ba musu. Amma a maganar Epstein, attajirin nan da aka tuhuma da lalata da 'yan mata ƙanana, akwai matan da suka fito da sunayensu suka faɗi abin da aka yi musu, akwai takardun kotu, an kama shi a Yulin 2019, an yanke wa abokiyar harkarsa Ghislaine Maxwell shekara 20. A nan kuwa shekara da shekaru ba uwa ɗaya da ta fito tace ɗanta ya ɓata a shagon nan.

Da yake titin ɗaya ne nace bari in nuna masa rami na gaske, muka miƙe har Dupont Circle. A ƙasan shataletalen akwai tsohuwar tashar taragon cikin gari da aka daina amfani da ita a farkon shekarun 1960, yanzu wurin nune-nunen zane ne, Dupont Underground, kowa na iya shiga in sun buɗe. Majalisa ma tana da hanyoyin ƙasa har da ɗan jirginta da ke kai sanatoci ofisoshinsu, ba ɓoyayyen abu bane. Wanda yafi bani dariya shi ne na 1924, wata babbar mota tana wucewa a wani lungu a unguwar nan ƙasa ta rufta da tayarta, sai ga hanyoyin ƙasa ginannu da bulo. Gari ya ɗauka, wasu suka ce 'yan leƙen asirin Jamus ne, wasu suka ce masu fasa-ƙwaurin giya ne tunda lokacin an haramta ta. Ashe wani masanin ƙwari ne na cibiyar bincike ta Smithsonian, Harrison Dyar, mai binciken sauro, shi ya haƙa abinsa shekaru da dama wai motsa jiki yake yi. Nace masa ka ga, rami in yana nan sai ya tona kansa. Kai da ka ga ana haƙa rijiya a gidanku ka san tulin ƙasar da ake fitarwa ƙofar gida, to wanda zai haɗa shaguna layi guda ta ƙasa, a tsakanin bututun ruwa da na gas da wayoyin lantarki, ina ya kai ƙasar, su waye leburorin, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa gaya wa matarsa?

La'asar a masallacin Massachusetts Avenue muka yi, muka tsaya muka sayi nama da kayan miya a hanya. Bai ce ya yarda ba, cewa yayi zai ƙara bincike, na san kuma inda zai yi binciken. Uwarsa ta kira bayan isha'i muka gaisa, tace Allah yasa dai yana karatu ba latsa waya ba, nace Yaya ki dai ci gaba da addu'a. Yanzun nan ina rubutun nan ya turo min wani bidiyon daga ɗaya ɗakin, wannan karon wai akwai gari guda a ƙarƙashin filin jirgin Denver. Ban buɗe ba, ƙarfe biyar na asuba zan ɗauki wani fasinja zuwa filin jirgin Dulles.